Teku a falona: kundin aikin tankin murjani

2 ga Nuwamba, 2024

Da hantsi mai gilashi ya iso da tankin a bayan a-kori-kura, an naɗe shi da tsohuwar katifa kamar mara lafiya. Tsawo santimita 90, faɗi 45, zurfi 45, kaurin gilashi milimita 10. In aka cika shi fal zai sha lita 180 da 'yan kai. Akwai ƙaninsa na lita 60 da zai zauna a ƙasa cikin kabad, can injina za su ɓuya.

Uwargida ta zagaya shi sau biyu ta ce, "Abban yara, yanzu tarwaɗa za mu kiwata a falo?" Na ce murjani zan kiwata. Ta kwashe da dariya, don murjanin da ta sani shi ne na wuya, jajayen duwatsun nan da Hajiya ke ɓoyewa a ƙasan adaka. Ba ta yi kuskure ba. Wancan ma ƙashin wata 'yar dabba ce ta Bahar Rum, fatake suka riƙa ƙetaro da shi ta Sahara. Nawa dai da ransa nake so, kuma irin wanda ke rayuwa da haske ne.

Na san abin ya yi kama da neman rigima. Ina Kano ina teku? Tafiyar kilomita 1,000 ce zuwa Legas, kuma ko can ɗin babu gandun murjani irin na Bahar Maliya, saboda laka da ruwan daɗi da koguna ke kwararowa gaɓar Afirka ta Yamma. A Jidda na fara ganin mai rai a bayan gilashi, tun ranar abin ya ƙi fita raina.

10 ga Nuwamba

Mai walda ya so ya yi mini ƙafar tankin da siririn bututu irin na teburin shago. Na zaunar da shi muka yi lissafi: ruwan tankin sama kaɗai kilo 185, ga gilashi, ga dutse da yashi, ga tankin ƙasa, abin ya doshi kilo 300. Ya yi shiru, ya ce, "Alhaji, ai wannan buhun siminti shida ne." Ya canza ƙarfe. Na sa an yi masa fenti hawa uku, don gishiri da ƙarfe ba sa ga maciji.

Mai haɗa bututu ya zo da makullin ruwa na tagulla, wai ya fi ƙarko. Na mayar masa. Jan ƙarfe guba ne ga murjani da katantanwa da jatan lande, ko ɗan kaɗan ne ya narke a ruwan. Duk abin da zai taɓa ruwan nan, roba ko gilashi.

17 ga Nuwamba

Mako biyu ke nan da zancen fitila nake kwana, da shi nake tashi. A wannan kiwon fitila ita ce tukunyar tuwo. Murjani dabba ne, amma a cikin tsokarsa akwai wata ƙwayar gansakuka da ido ba ya gani, masana na ce mata zuzanteli. Ita ke karɓar haske ta haɗa sukari kamar yadda ganye ke yi, ta ci ta ba mai masaukinta, kuma mafi yawan abincinsa daga nan yake fitowa. In haske ya yi kaɗan, yunwa. In ya yi yawa, gansakukar ta rikice, murjanin ya fatattake ta, ya koma fari fat kamar alli.

Kuma ba kowane haske ba. Ruwan teku yana shanye ja tun a sama-sama, kafin a kai zurfin mita 10 ya kusan ɓacewa, shuɗi ne ke ratsawa ƙasa. Halittun can da shi suka saba, wajen nanomita 420 zuwa 470 a ma'aunin launin haske. Shi ya sa duk tankin murjanin da ka gani a hoto sai ka ce an tsoma shi a karofin Ƙofar Mata.

Iri uku na ɗora a sikeli. Akwai tsohon hannu, ƙwan halaid mai wat 250. Haskensa ba a magana, sai dai murhu ne. A Jamus ko Ingila, inda ake neman abin da zai ɗumama ɗaki, ba laifi, amma a Kano cikin Afrilu farfesu zai yi mini. Na soke shi. Sai dogayen ƙwai na T5, waɗanda a tsawon tankina kowanne wat 39 ne, kuma sai an jera huɗu zuwa shida. Haskensu na bazuwa ko'ina ba ya barin inuwa, wannan ya burge ni ƙwarai. Matsalar, duk shekara sai an canza su ko da suna kamawa, don launinsu gushewa yake yi, kuma ba a Sabon Gari zan same su ba. Na hango ƙwan gilashi mai kusan mita ɗaya a motar dare daga Legas, na ce a'a.

Saura LED, ita ma kasuwa biyu ce. Ga masu suna, su Kessil da Radion da AI da Red Sea, waɗanda kuɗinsu ke sa mutum ya sake duba sifilin. Ga kuma baƙaƙen akwatunan Sin marasa suna da aka rubuta musu wat 165, maɓalli biyu kawai, ɗaya na fari ɗaya na shuɗi. Ba na raina su, mutane da yawa sun raya murjani da su har sun sayar.

Abin da ya raba mini gardama shi ne awo. Wat wutar da fitila ke ci kawai yake faɗa. Lumen kuwa ma'aunin idon ɗan Adam ne, ido kuma kore da rawaya ya fi gani, shuɗi dishi-dishi yake ganinsa ko da yana da ƙarfi. Abin da masu kiwon nan ke aunawa shi ne PAR, wato yawan hasken da ganye zai iya amfani da shi, daga nanomita 400 zuwa 700, da ke sauka a wuri cikin daƙiƙa. Rana tsaka a fili tana kai 2,000. Murjani mai laushi, marar ƙashi, 50 zuwa 150 ya ishe shi. Masu ƙashi da manyan bakuna suna son 100 zuwa 200. Masu rassa irin Acropora, sarakunan wahala, sai 250 zuwa sama. Ba ni da mitar PAR, kuɗinta ya kusan na fitilar kanta. Don haka na zaɓi wadda kamfaninta ya buga taswirar ƙarfinta, a zurfi kaza, nisa kaza daga tsakiya, kaza za ka samu, kuma ana iya rage ta ko ƙara ta daga waya.

Na yi odar mai wat 90. Fili santimita 60 a 60 take rufewa sosai, tankina kuwa 90 ne, ke nan gefe da gefe za su yi duhu-duhu. Ban damu ba, akwai masu son inuwa.

24 ga Nuwamba

Ƙanena, wanda sana'arsa haɗa sola ce, ya zo ya tarar ina ta zuba masa karatun nanomita. Ya bari na gama, ya ce, "Yaya, bar zancen fitilar nan tukuna. Kawo mini lissafin abin da ba ya barci."

Muka jera. Injin da ke ɗago ruwa daga tankin ƙasa, wat 25. Masu kaɗa ruwa guda biyu, wat 8 kowanne. Injin kumfa mai cire datti, wat 12. Jimla wat 53, dare da rana, wato sama da yunit ɗaya da kwata a kullum. Fitilar da na yi mako biyu ina tunani a kanta, ko an ƙure ta awa 9, ba ta kai yunit ɗaya ba, kuma yawancin aikinta da rana ne lokacin da faifan sola ke kawowa.

Ya ƙara da tambayar da ta sa jikina ya yi sanyi: in fitila ta mutu kwana nawa za su yi, in injin ruwa ya mutu kuma fa? Amsar na san ta. Murjani yana iya kwana uku a duhu bai ce uffan ba, a teku ma ai ana hadari. Amma ruwa ya tsaya cak, cikin 'yan awoyi iskar shaƙa ta fara ƙarewa. Mun tsayar da batirin litiyam mai bolt 24, am 100, kimanin yunit biyu da rabi ke nan. Kuɗin da na ware na murjanin farko nan ya tafi.

7 ga Disamba

Ruwa. Na tsoma 'yar mitar auna datti a ruwan burtsatsenmu ta nuna 310. Fiya wata ya nuna 40 da wani abu. Abin da ake so sifili ne, don abin da ke cikin ruwan sha wanda ba ya cutar da mu, shi ne takin gansakuka a tanki. Na ɗaura matatar da ke matse ruwa ta cikin siririyar fata sannan ta bi da shi ta cikin ƙwayoyin da ke tsotse ragowar. Ɗigo-ɗigo take yi, kuma duk lita ɗaya mai kyau sai ta zubar da uku ko huɗu. Na ja bututun zubarwar zuwa gindin zogale, don kada uwargida ta ce ɓarna nake yi.

Maƙwabcina ya tambaya me ya hana in sayo gishirin miya buhu guda in huta. Gishirin miya abu ɗaya ne tak, ruwan teku kuwa akwai maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam da su kabonet a ciki, da su murjani ke gina jikinsa. Na bokiti na saya, wanda aka haɗa don wannan aikin. Wajen giram 38 a kowace lita, aka bar inji yana juya shi ya kwana. Da safe na ɗiga a ma'aunin gishiri, na ɗaga shi saitin taga na leƙa: 1.026, wato kashi 35 cikin 1,000, daidai da teku.

21 ga Disamba

Busasshen dutse kilo 15, yashi kaurin yatsa biyu. Na jefa guntun jatan lande cikin raga da kwalbar bakteriya, na bar shi ya ruɓe don bakteriyar ta samu abinci. Falo ya ɗan yi ƙarni. Fitila ta iso lafiya, tana nan cikin kwalinta a saman wardirof. Yara kullum sai sun leƙa tankin sun ce, "Abba, ina kifin?" Babu.

12 ga Janairu, 2025

Amoniya ta hau ta sauka, naitirait ta biyo bayanta ita ma ta sauka, yau duka biyun sifili, naitiret kuma 20. Ma'ana bakteriyar da ke cinye kashin kifi ta zauna a dutse. Na canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan.

Abin dariya, ni da na yi ta tsoron zafi, sanyi ne ya fara kama ni. Da asuba mita ta nuna digiri 21.8, alhali 25 zuwa 26 ake so. Dole na sayi hita mai wat 150, ita kaɗai ta ninka duk injinan nan kusan sau uku in ta kama. Yanzu da dare bargo nake lulluɓa wa gilashin don batir ya kai safe.

Hunturu ya zo da wasu biyu. Ƙura na kwanciya a saman ruwa kamar maiƙo, sai da na gyara bakin da ruwa ke gangarawa ƙasa don ya riƙa yaye ta. Sannan bushewar iska na shan lita huɗu zuwa biyar a rana. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, don haka da ruwa zalla ake cikawa. Na yi tafiyar kwana biyu na dawo na tarar da 1.028. Na haɗa ɗan inji da abin da ke yawo a saman ruwa, in ruwa ya ja baya sai ya zuƙo daga jarka mai lita 20 da kansa.

Na rataye fitila, santimita 25 daga saman ruwa. Kwana huɗu da kunna ta yashi ya yi ruwan ƙasa kamar an barbaɗa garin kuka da ya tsufa. An ce kowane sabon tanki sai ya yi wannan munin, zai wuce.

1 ga Fabrairu

Kifi biyu sun iso ta jirgi cikin kula, 'yan ruwan lemo masu fararen ɗamara uku, Amphiprion ocellaris, ƙyanƙyasar gida ba kamun teku ba. Da katantanwa shida masu lasar gilashi. Na riƙa ɗiga musu ruwan tankina a hankali har minti 40 kafin na sake su. Autarmu ta ƙi cin abinci sai a gaban tankin.

Injin kumfa ya fara aiki na gaske. Iska yake kaɗawa cikin ruwa, datti ya manne wa kumfa, kumfar ta hau ta zube a kofi. Makon farko hauka ya yi ta yi yana ambaliya. Yanzu ya natsu, duk kwana uku ina zubar da wani abu mai kalar baƙin shayi da warin kwata.

15 ga Fabrairu

Murjani na farko, guda uku, duka masu laushi: ɗaya mai kama da laimar kwaɗi, ɗaya mai kaurin fata da ake kira Sarcophyton, sai ɗan dutse mai ƙananan murjanin da ake kira zowa guda goma sha biyu, kamar maɓallan riga masu gashin ido. Masu ƙashi ban taɓa su ba tukuna. Suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, ƙetare iyaka da su sai da takarda, kuma suna shan kalsiyam da kabonet har sai mutum ya riƙa ƙara musu kullum.

Zowa ɗin nan da safar hannu da tabarau na taɓa su. Wasu daga cikin danginsu na ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin mafi munin dafin da aka sani, yana shiga ta ciwo ko ido, kuma an sha kwantar da gida guda a asibiti don an tafasa dutsen da suke kai. Na gargaɗi kowa a gidan: ba mai sa hannu a ruwan nan.

Fitila na kashi 30 cikin 100, zan riƙa ƙara biyar duk mako. Tana tasowa da ƙarfe 11 na safe a hankali, ta lafa da 8 na dare, don in na dawo daga masallaci bayan magariba in samu abin kallo. Masu kaɗa ruwa na saita su kusan lita 4,500 a awa, suna fuskantar juna, don ruwan ya riƙa kai da komo maimakon ya daki wuri ɗaya.

27 ga Fabrairu

Na yi wauta. Surukaina sun zo ranar Lahadi, na ga tankin ya yi musu duhu, na ɗauki waya na ƙure fitilar, fari da shuɗi duka. Aka yi ta salati ana ɗaukar hoto. Na manta ban mayar ba sai ranar Laraba. Laimar kwaɗin da ta kai faɗin murfin kwalbar zuma ta tsuke ta koma kamar kwabo, launinta ya koɗe. Zowa rabi sun ƙi buɗewa.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan bai sani ba. Abin da na gani a matsayin ɗan ƙarin haske, a wurinsu wajen ninki uku ne a dare ɗaya. Na mayar kashi 30, na sauko da laimar ƙarƙashin wani dutse mai rumfa.

19 ga Maris

Azumi ya yi nisa, zafi ya sauka da kayansa. Na cire hita na ajiye.

Daren jiya na tashi sahur, ina wucewa ta falo sai na ji wani shiru da ban saba ji ba. Ba ƙarar ruwa. An ɗauke wuta tun bayan asham, wani kuma ya jona butar dafa ruwa a soket ɗin da ke kan inbata, inbatar ta kashe kanta, kowa ya kwanta. Wajen awa biyar ruwa na tsaye. Na haska tocila, kifayen biyu suna sama, baki na buɗewa da sauri-sauri. Ruwan gishiri dama bai kai na daɗi riƙe iska ba, in ya yi ɗumi kuma ya ƙara raguwa. Na danna inbata, na ɗauki jug ina ɗiba ina kwararowa daga sama, uwargida na riƙe da tocila tana cewa, "Ka sha ruwa dai kafin a kira salla." Da dabino uku na ɗauki azumin. Ba wanda ya mutu.

Yau ƙanena ya ja wa tankin layinsa shi kaɗai, ya toshe soket ɗin da ya jawo abin. Na kuma sayo ɗan injin iska mai batir a cikinsa, wanda ke tashi da kansa da zarar wuta ta yanke. A duk kayan da ke kabad ɗin nan shi ne mafi araha, kuma da yana nan jiya da na ci tuwona a natse.

Zafin kuwa, shekaranjiya da la'asar ruwan ya kai 30.2. In ya daɗe a haka murjani fari zai yi, kamar yadda ke faruwa a teku. Na ɗaura ƙananan fankoki biyu irin na kwamfuta suna hura saman ruwa, ya sauko 27.5. Dabarar randa ce: lita ɗaya in ta tashi tururi tana tafiya da zafin da zai sauke lita 200 kusan digiri uku. Jarkar cikawa yanzu kwana uku take yi. Ranar da abin ya ƙi, gorar ruwa mai ƙanƙara nake jefawa a tankin ƙasa, muna rububin firiza da masu zoɓon buɗa baki.

6 ga Afrilu

Awon yau: gishiri 1.026, zafi 27.8 da la'asar, naitiret 8, kalsiyam 420, alkaliniti, wato ƙarfin kabonet, 8. Ruwan ƙasan nan na yashi ya tafi. A jikin dutse wasu ɗige-ɗige ruwan hoda masu tauri sun fara fitowa, alamar ruwa ya fara kama jikinsa.

Mai kaurin fata ya rufe kwana biyar yana ƙyalli kamar an shafa masa kakin zuma, har na fara fitar da rai. Ashe saɓa yake yi. Ya yar da wata 'yar fata, ya buɗe ya fi da girma. Zowa sun zama sha bakwai. Laimar kwaɗin ta dawo da launinta, ta ɗan matsa gefe, ta bar ɗan tsaki a inda ta tashi, ɗa ke nan. Fitilar da na ƙi barci a kanta har yau tana kashi 45, kuma ba na jin za ta wuce 60 da irin abin da ke ciki.

Hajiya ta zo mana yawon salla. Aka kawo mata kujera gaban tankin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To wannan ne murjanin naka? Yaushe zai yi ja a fara shiryawa a zare?" Na ce Hajiya wannan ba ya shiryuwa. Ta ce to Allah ya sa albarka, ta koma kallon kifi.

Abin da ke gabana Mayu ne. Fanka na aiki ne don iska a bushe take. In hadari ya fara haɗowa, iska ta yi laima ga zafi bai tafi ba, dabarar randa ta ƙare. Na yi odar ƙaramin injin sanyaya ruwa, wanda ke cin kusan wat 200 in ya kama, ranar Alhamis ake sa ran isowarsa. Ƙanena ya ce sai an ƙara faifai biyu a rufi, kuma dole injin ya zauna a inda zafin da yake fitarwa ba zai dawo falo ba. Gobe mai gini zai zo ya duba inda za a huda bango.